Ƙarfen da Ya Tsaya a Gwiwa

A bayan shagon walda akwai wani ɗaki mai rufin kwano, inda a da ake jibge tsofaffin ƙyamare da karyayyun gadaje. Baba da amininsa Mai Walda ne suka share shi tun suna samari, suka mayar da shi wurin ɗaga ƙarfe. Ba madubi, ba kiɗa. Daɓen siminti ne da aka shimfiɗa wa roba mai kauri, sai sanduna uku, da faya-fayan ƙarfe a jingine da bango, da wani tsohon kwano cike da alli da ake shafa wa hannu don kada sanda ta zame.

Wasan nasu kashi uku ne. A ɗora sanda a kafaɗa a tsuguna a miƙe, a kwanta a benci a tura ta sama, sai na ƙarshe, a sunkuya a ciro ta daga ƙasa har mutum ya tsaya ƙyam. Wannan na ƙarshen suke kira ɗagin ƙasa, kuma shi ne ya shiga ran Auta.

Ita ce ƙaramar 'yar Baba. Ta doshi talatin, amma har a gidan burodin da take aiki Auta ake ce mata. Tun da mahaifiyarsu ta rasu ita ke zaune da shi a ɗaki biyu da falo, yayarta kuwa tela ce, tana can wata unguwa da mijinta da 'ya'ya. A gidan burodi in masu dako suka makara, Auta kan naɗe hannun riga ta sauke buhunan fulawa da kanta, maza na kallo suna sosa ƙeya.

Baba ne ke horar da ita, kuma mutum ne mai rowar nauyi. Sau ɗaya a mako yake barinta ta ja mai nauyi daga ƙasa, shi ma ba ya yarda ta ƙure kanta. Da ya ga sanda ta fara jan ƙafa wajen tashi sai ya ɗaga hannu, an gama ke nan. In aka jera makonni ana hawa, sai ya sa mako guda na sauƙi, wanda Auta ta tsana kamar maganin ɗaci.

"Baba, wannan ai ko Yaya za ta ɗaga," takan ce.

"To je ki kira ta ku yi tare," in ji shi. "Ɗagin ƙasa baƙo ne mai ci. Ki gayyace shi kullum, ya cinye miki gida har tukunya. Ƙarfi kuma ba a ɗakin nan ake samunsa ba, roƙonsa kawai muke zuwa yi. A gado da kwanon abinci ake ba da shi."

Yana da wata al'ada. Kafin ta taɓa sanda sai ya miƙo mata hannu ya ce ta matse. In ya ji matsar ta yi sanyi, ko me aka tsara ranar sai ya sa a cire faifai. A haka, sannu sannu, ta kai kilo ɗari da saba'in a gasar da ta wuce. Suna dawowa a mota ya ce mata, kamar yana zancen farashin mai, "Ɗari da tamanin yana jikinki. A gasa mai zuwa zan gan shi."

Ciwon ya shigo ne a ɓoye. Da fari bel ɗinsa ne ya yi masa yawa, Mai Walda ya huda masa sabon rami, ba a jima ba ya sake huda wani. Sai abinci ya daina shiga, sai farin idonsa ya koma ɗorawa. Da aka gama gwaje-gwaje, likita ya kira Auta da Yaya ofishinsa, ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce ciwon daji ne a hanta, kuma ya riga ya yi nisa.

"Likita, ka faɗa mana gaskiya, saura yaushe?" Yaya ta tambaya.

"Wannan ba a hannuna yake ba," ya ce. "Amma in akwai abin da kuke so ya gani, kada ku jinkirta."

Yaya ta ji maganar ta tuna da jikoki. Auta ta ji ta, ta tuna da ɗari da tamanin. Gasar kuwa da sauran watanni.

Suka dawo da shi gida. Yaya ta kwaso keken ɗinkinta ta kafa a falo don ta riƙa wuni da shi, amma ita 'yar firit ce, ga ciwon wuyan hannu na masu almakashi. Duk abin da ya shafi ɗauka na Auta ne. Kafin ta fita aiki ta kai shi banɗaki, in ta dawo ta ɗauke shi daga gado zuwa kujerar da ke bakin taga, inda yake son zama yana kallon masu wucewa. Takan sa hannu ɗaya ƙarƙashin gwiwoyinsa, ɗaya a bayansa, ta manna shi da ƙirjinta ta miƙe, ko girgiza ba ya yi.

"Kilo nawa na kai yau?" yakan tambaya.

"Kai ai ɗumama jiki ne, Baba."

"Mara kunya. Gyara bayanki, kin fara lanƙwasa."

Da yamma, in ya sami barci, sai ta zame ta tafi ɗakin ƙarfe. Ta yanke shawara a ranta ba ta gaya wa kowa ba: ba za ta jira gasa ba. Za ta ja ɗari da tamanin a nan, ta ɗauka a waya, ta kai masa har gado. Sai ta watsar da tsarin Baba. Duk zuwan da ta yi sai ta ja mai nauyi, kuma sai ta ja har idonta ya yi duhu. Makon sauƙi ya zo, ta tsallake shi kamar kwata.

Da fari kamar abin kirki, ta ƙara kilo biyar ta ji daɗi. Daga nan jiki ya fara magana. Ta kwanta a gajiye barci ya ƙi zuwa. Ta zuba abinci ta ture. Kantar tafin hannunta ta tsage, ta naɗe da filasta ta ci gaba. Ɗari da hamsin da ke tashi mata kamar tsuntsu ya koma rarrafe. Rannan a wurin aiki faranti cike da burodi mai zafi ya suɓuce daga hannunta, ta tsaya tana kallon yatsunta kamar na aro.

Mai Walda yana lura. Wata yamma ya kashe injinsa, ya ture gilashin fuska sama, ya tsaya a bakin ƙofa har ta ajiye sanda.

"'Yata, jiya sandar nan ta yi miki magana, yau ma ta sake. Ko kin kurumce ne?"

"Kawu, tsere nake yi da lokaci."

"Na sani. Babanki abokina ne tun ba a haife ki ba. Amma wanda ya yi tsere da yunwa a ciki, a hanya ake tsintarsa."

Ta sunkuya ta ci gaba da shafa alli. Shi kuma ya koma ga aikinsa.

Baba ma bai buƙaci a gaya masa ba. Wata safiya da ta sauke shi a kujera, sai ya miƙo mata hannu. Hannun ya zama ƙashi da fata, jijiyoyi sun fito raɗau.

"Matse."

"Baba, zan ji maka ciwo."

"Na ce matse."

Ta matse. Ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya, sannan ya buɗe.

"Wa ya sace miki hannu?"

"Aiki ne ya yi yawa."

"Zauna, Auta." Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. "Jiki rijiya ɗaya gare shi. Buhun fulawa a nan yake sha. Ƙarfe a nan yake sha. Ni da kike ɗauka safe da yamma a nan nake sha. Har kukan da kike yi a banɗaki kina sakin famfo don kada in ji, shi ma a nan yake ɗiba. Ke kuma kin hana ruwan taruwa. Ki yi makon sauƙi, ki ƙara da wani. Ki ci, ki yi barci. Kin ji ni?"

"Na ji, Baba."

Da gaske ta yi niyya. Ta yi zuwa biyu tana jan mara nauyi, har Mai Walda ya yi mata murmushi. Sai ga wata rana ta dawo daga aiki ta tarar da Yaya a tsaye a falo, tana riƙe da tef ɗin awo. Baba ya farka bai gane ta ba. Ya tambaye ta ko ita ce mai kawo wankin makaranta, ya kuma ce a kira masa matarsa, wadda ta yi shekaru a ƙasa. Auta ta shiga ta durƙusa a gabansa, ya dube ta da fara'a irin wadda ake yi wa baƙi.

Likita ya ce a waya hakan na faruwa da masu ciwon hanta, a ba shi maganin da ya rubuta, mai yiwuwa ya dawo hayyacinsa. Kalmar "mai yiwuwa" ce ta tsaya wa Auta a rai. Tana ganin ya yi barci ta ɗauki jakarta.

Ba kowa a ɗakin ƙarfe sai ƙarar injin walda daga gaba. Ta ɗan ɗumama jiki sama-sama, ta shiga jera faya-fayai har ɗari da tamanin. Ƙarar ƙarfe ce ta fito da Mai Walda. Ya dubi sandar ya ƙirga da ido.

"Ba yau ba, 'yata."

"Riƙe min waya, Kawu."

"Wallahi ba da hannuna ba."

Ta jingina wayar da kwanon alli ta kunna. Ta ɗaure bel, ta sa ƙafafu ƙarƙashin sanda, ta sunkuya ta kama. Ta ja numfashi ta cika ciki, ta taka ƙasa da dukkan abin da ya rage mata. Sandar ta lanƙwasa, faya-fayan suka rabu da roba. Ta hau ƙwauri a hankali, ta iso gwiwa, ta tsaya.

Duk mai ɗaga ƙarfe ya san abin da ake yi a nan: in ta tsaya, a sake ta. Mai Walda ma ihun da yake yi ke nan, "Saki! Saki!" Auta ba ta saki ba. Ta cije, ta fizga. Sai ta ji wani abu ya tsinke a bayan cinyarta ta dama, tas, kamar igiyar shanya. Ƙarfen ya faɗi da ƙara, ita ma ta bi shi.

A asibiti aka ɗauki hoto. Naman bayan cinya ne ya yage daga sama, kusa da inda yake kama ƙashi. Aka ce ta auna arziki bai rabu duka ba, ba sai an yi aiki ba. Aka ba ta sandunan dogarawa biyu, aka ce watanni ne a gabanta, kuma ko bokitin ruwa kada ta kuskura ta ɗauka.

Da Mai Walda ya dawo da ita gida, maganin da aka ba Baba ya yi aiki, ya dawo garau. Yana kwance ya juyo da kai, ya ga sandunan kafin ya ga fuskarta. Ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran faɗa. Da ma ya yi, da ta fi samun sauƙi.

"Ya bar ƙasa?" ya tambaya.

"Ya bari."

"Har ina?"

"Gwiwa."

Ya gyaɗa kai. "Yaya, sa mata matashi a kujera. Kada ta zauna a kan wurin."

Iyakar abin da ya ce ke nan.

Washegari aka ga abin da aka rasa. Babu mai ɗaukar Baba. Yaya da Mai Walda suka gwada tare, ita ta kama ƙafafu, shi ya sa hannu a hammata. Mai Walda tsoho ne, nasa bayan ma lallaɓa shi yake yi. Suka ja shi maimakon su ɗaga, Baba ya cije leɓe har ya yi jini. Auta na dogare a ƙofa tana ba da umarni, "Matso da shi jikinka, Kawu. Yaya, durƙusa, kada ki sunkuya." Baba ma, yana nishi, sai da ya sa baki.

"Shekara arba'in ina koya wa mutumin nan ɗagin ƙasa," ya ce, "ashe ni ne jarrabawar, ga shi ya faɗi."

Aka yi dariya, amma da yamma da Yaya ke canja masa riga sai ga shatin yatsu baƙi ƙirin a ƙarƙashin hammatarsa. Mijin Yaya yakan biyo in ya tashi daga aiki, wani maƙwabci ma yakan taimaka, sai dai kowa da nasa uzurin, ciwo kuwa ba ya duba agogon mutane.

Wata rana da hantsi Baba ya ce a kai shi banɗaki. Daga Yaya sai Auta a gidan. Yaya ta buga wa Mai Walda, ya tafi sayen ƙarfe. Ta ƙwanƙwasa wa maƙwabci, ba ya nan. Ta dawo ta yi ta fama ita kaɗai, ta kasa ko zaunar da shi. Auta ta jefar da sanda ɗaya ta matso, tana sunkuyawa ƙafar ta ƙi, ta dafe gado tana haki. Kafin a sami mafita abin ya riga ya faru. Baba ya juya fuskarsa bango.

"Auta, fita," ya ce a hankali. "Ja ƙofar."

Ta fita ta zauna a falo kusa da keken ɗinki. Tana jin Yaya na cire zanin gado tana cewa, "Ba komai, Baba, mu nawa muka yi maka muna yara?" Auta ta dubi hannayenta, manya, masu kanta, waɗanda suka ciro ɗari da tamanin daga ƙasa, ta cusa su tsakanin cinyoyinta ta yi kuka ba sauti.

Tun daga ranar bai ƙara cewa a kai shi bakin taga ba. In an tambaye shi sai ya ce gadon ya fi masa daɗi. Yaya ta ɗebe kayan ɗinkin da ta gama ta ɗora a kujerar.

Abin da ba wanda ya zata, ranar gasa ta zo Baba yana raye, kuma da hankalinsa. Shi ya tuna musu ma. Ya ce ai ana nunawa a waya, a kunna masa. Auta ta hau gefen gado ta miƙe ƙafar mai ciwo, ta riƙe masa wayar. Suka kalli matan ajinta ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta ci ta ja ɗari da saba'in da biyar.

"Wannan ta huta," in ji Baba. "Dubi yadda sandar ke tashi, kamar an kira ta."

Auta ta kife wayar a cinya. "Baba, da na jira..."

"Da kin jira da mun je, ko a keken marasa lafiya ne. Haka ne." Bai sassauta mata ba, ba halinsa ba ne. Ya ɗan huta, sannan ya ce, "Kawunki ya ce kin ɗauka a waya. Nuna min."

"Ba abin gani ba ne."

"Ni ne mai horarwa ko ke?"

Ta nemo ta kunna. Ya matso da fuskarsa, ya ga ta kama sanda, ya ga ƙarfen ya rabu da ƙasa. Yana isa ƙwauri ya ce, "Tsaya nan. Mayar baya." Ta mayar. Ya sake kallo, ya sake cewa ta tsaya a daidai wurin. Ya yi ta sa ta tana mayarwa, bai taɓa barin hoton ya kai gwiwa ba.

"Kin ga farawar nan?" ya ce. "Baya a miƙe, sanda manne da ƙafa. Ni ban taɓa fara ja da kyau haka ba. A gajiye fa kike, ba ci, ba barci. Kai, Auta."

Ya rufe ido, hawaye ya gangaro ta gefe ya shiga kunnensa. Ta sa bakin mayafinta ta share.

Ya ƙara 'yan makonni bayan haka. A lokacin ta ajiye sanda ɗaya, tana ɗingisawa da ɗaya. Abin da take iya yi masa bai wuce ta tallafo kansa ya kurɓi ruwa ba, sai ta riƙe wannan da hannu biyu, ba ta barin kowa ya yi. Ya cika wata safiya, Yaya na falo tana sa wa keke mai, Auta na goge masa baki da tsumma mai ɗumi. Sai da ta gama gogewa ta lura ƙirjin ya daina motsi.

Bayan mutane sun watse, Yaya ta kira mai ɗaukar kaya ya mayar da kekenta shago. Auta ta koma aiki, aka sa ta a teburin sayarwa tana miƙa wa masu saye burodi. In motar fulawa ta zo takan juya baya. Tana zuwa asibiti wurin mai gyaran gaɓoɓi, wata mata mai yawan surutu, wadda ke sa ta kwanta rub da ciki tana lanƙwasa gwiwa da wata 'yar roba a ɗaure a ƙafa. Robar da yaro zai ja da yatsa, ita ke sa Auta gumi.

Ɗakin ƙarfe kuwa ba ta ko bin layin. Mai Walda ne ya zo har gidan burodi wata rana, ya sayi guda ɗaya, ya tsaya yana juya shi a leda.

"Rufin can ya fara yoyo," ya ce. "Sanduna sun yi tsatsa. Idona ba ya ganin ƙananan ramukan nan na wurin riƙo."

Ta je ranar hutunta. Suka zauna a benci, kowa da burushin ƙarfe da tsumma da gwangwanin mai, sanda a kan cinyoyinsu. Suka shiga gogewa. Can Mai Walda ya fara ba ta labarin yadda suka ƙera sandarsu ta farko da ƙarfen tsohuwar mota, ta karye a hannun Baba, ya faɗi zaune yana zagin wanda ya yi waldar. Yana cikin dariya sai kuka ya ƙwace masa. Ya ajiye burushi ya rufe fuska da hannayensa masu baƙin mai, kafaɗunsa na girgiza. Auta ba ta taɓa ganin kukansa ba, ko a ranar rasuwar. Ta bar shi ya yi, ta jawo nasa gefen sandar ta ci gaba da gogewa.

Da suka gama ya kulle ɗakin, ya raka ta bakin titi. Motar haya ta zo a cike, wani saurayi ya ga tana ɗingishi ya tashi ya ba ta wuri. Ta buɗe baki za ta ce ya bari, sai ta fasa. Ta yi masa godiya ta zauna.